Jikina ne, haɗarina ne: ina ruwan doka da wanda ya ƙi sa hular kwano ko ɗaura bel?

Tambaya: Baligi mai hankali ya ƙi sa hular kwano a kan babur, ko ya ƙi ɗaura bel a mota. Kansa zai cutar. Me ya sa hukuma za ta ci shi tara? Idan kuɗin jinya ne abin dubawa, me zai hana a bar shi ya biya da aljihunsa in ya ji ciwo?

Amsa:

Ɗan'uwa, wannan tambaya tana da tushe, kuma manyan masana sun yi ta kafin kai. Tun 1859 masanin falsafa na Ingila John Stuart Mill ya kafa hujjar cewa hukuma ba ta da ikon tilasta wa baligi wani abu sai don hana shi cutar da waninsa. Har yau a kan wannan magana masu adawa da dokar hular kwano suke tsayawa. Inda hujjar take yin rauni shi ne wajen cewa "kansa kaɗai zai cutar". Wanda ya san abin da ke biyo bayan mummunan rauni a ka ko a laka ya san da wuya cutar ta tsaya a kan mutum ɗaya.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin daƙiƙar haɗarin, domin yawancin masu ƙin bel suna raina ƙarfin da ake magana a kai. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ta daki abu mai ƙarfi ta tsaya nan take, jikin da ke ciki bai tsaya ba, yana ci gaba da wannan gudun har sai wani abu ya tare shi: sitiyari, gilashin gaba, ko kwalta. Bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, wato daga saman bene mai hawa uku. Idan tsayawar ta ɗauki kashi bakwai cikin ɗari na daƙiƙa, nauyin kowane abu a motar yana ninkuwa kusan sau ashirin. Jariri mai kilo 10 ya koma kamar kilo 200 a hannun uwarsa, kuma babu hannun da zai riƙe wannan. Fasinjan baya mai kilo 70 da bai ɗaura bel ba ya koma kaya mai nauyin fiye da tan guda da ke afka wa bayan kujerar direba. A nan ma kaɗai an fita daga batun cutar da kai: wanda ke baya babu bel yana iya kashe na gaba da ya ɗaura nasa. Haka direban da bai ɗaure ba, bugun farko yana iya zame shi daga kan sitiyari, motar ta ci gaba da tafiya babu mai riƙe ta, ta shiga cikin masu tafiya a ƙafa.

Bel mai maɗauri uku, wanda Nils Bohlin ya ƙera wa kamfanin Volvo a 1959, aikinsa biyu. Yana tsawaita lokacin tsayawar jiki, kuma yana ɗora ƙarfin bugun a kan ƙasusuwa masu jurewa, wato ƙashin ƙugu da ƙirji da kafaɗa. Shi ya sa yadda aka ɗaura shi yake da muhimmanci. Ɓangaren bel na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ƙasa da cibiya. Idan ya hau kan ciki, a lokacin haɗari hanji da saifa da hanta ne za su karɓi bugun. Na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa da tsakiyar ƙirji, kada ya shafi wuya, kada kuma a zura shi ƙarƙashin hammata, domin hakan yana karya haƙarƙari ya bar kai ya daki gaba. Mai juna biyu ta sa na ƙasa a ƙarƙashin cikin, na sama ya ratsa tsakanin nonuwa ya bi gefen cikin. Kwantar da kujera baya sosai yana sa mutum ya sulale ta ƙarƙashin bel. Jakar iska kuwa, wadda ke kumbura a gaban mutum a lokacin haɗari, an yi ta ne ta taimaka wa bel: tana fitowa da ƙarfi sosai, don haka a bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, kuma kada a taɓa sa kujerar jariri mai kallon baya a gaban jakar iska da ba a kashe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke cikin mota da abin da ya kai rabi.

Hular kwano ita ce aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane suna ƙwanƙwasa bayanta su ji tauri su ce ta yi. Ɓawon waje aikinsa ya hana abu mai tsini hudawa, ya watsa bugun, ya kuma sa kai ya zame a kan kwalta maimakon ya kafe. Abin da ke ceton ƙwaƙwalwa shi ne farin soso mai tauri da ke ciki, mai kaurin kamar santimita uku zuwa huɗu. Wannan soso yana murƙushewa a lokacin bugu, murƙushewar tasa ce take ba kai 'yan santimitoci na tsayawa a hankali. Ƙwaƙwalwa tana iyo ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai. Idan ƙoƙon ya tsaya farat ɗaya, ita sai ta daki bangonsa na gaba, ta dawo ta daki na baya, jijiyoyin jini su tsinke. Soson da ya murƙushe sau ɗaya ba ya dawowa, ko da ɓawon bai nuna tsaga ba, saboda haka hular da ta taɓa shan bugu da kai a cikinta ta gama aiki. Hular da babu wannan soso, sai siririn yadi a ƙarƙashin roba, kariyarta kaɗan ce ƙwarai, haka ma hular ma'aikatan gini, wadda aka yi don abin da zai faɗo daga sama.

Wajen saye, a auna kewayen kai da tef kamar santimita biyu sama da gira, a nemi lambar da ta yi daidai. A duba tambarin gwaji, irin su ECE 22.05 ko 22.06 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ko DOT na Amurka. A sa ta, a ɗaure igiyar haɓa yadda yatsa biyu kawai za su shiga, sannan a kama bayan hular a yi ƙoƙarin jawo ta gaba ta fita. In ta fita, ba taka ba ce. Hular da ba a ɗaure igiyarta ba takan tashi tun kafin kai ya taɓa ƙasa. Mai rufe haɓa ta fi, domin haɓa da fuska suna cikin wuraren da suka fi dukan ƙasa. A gwajin ECE 22.05 ana sakin hular ta daki ƙarfe da gudun mita 7.5 a daƙiƙa, kimanin kilomita 27 a awa. Wani zai ce ai wannan gudun kaɗan ne. Dalili shi ne yawancin bugun da kai ke sha yana zuwa ne daga faɗowa daga tsayin babur zuwa ƙasa, kuma wannan tsayin ɗaya ne ko a hankali ake tafiya ko da gudu. Don haka maganar "nan kusa zan je" ba ta rage komai.

Yanzu ga batun kuɗi, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Mutane suna lissafin haɗari da mutuwa, amma a wajen kashe kuɗi wanda ya rayu da naƙasa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ka bi sawun mutum ɗaya da ya bugu a ka. Motar asibiti da ma'aikatanta. Hoton ƙwaƙwalwa, wani lokaci sau uku ko huɗu. Tiyata don kwashe jinin da ya taru, ko cire wani ɓangare na ƙoƙon kai don ƙwaƙwalwar da ta kumbura ta sami wuri, sannan wata tiyatar daga baya don mayar da shi. Kwanaki ko makonni a sashen kulawa ta musamman a kan na'urar numfashi, da ma'aikaciyar jinya kusan a kansa shi kaɗai. Jinin da aka ƙara masa wani ne ya bayar. Gadon da ya kwanta a kai wani mai ciwon zuciya ko mai haihuwa da ta sami matsala yana jiransa, kuma wannan hasara ce da ba ta shiga takardar kuɗin kowa. Bayan sallama sai gashi da koyon magana da koyon tafiya na watanni. Wasu farfaɗiya ta kama su. Wasu jikinsu ya warke sarai amma halinsu ya sauya: saurin fushi, mantuwa, kasa riƙe aiki. Wanda laka ta tsinke kuwa yana buƙatar a juya shi kusan kowace awa biyu dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ga robar fitsari da ciwon mafitsara mai yawan dawowa, ga keke, ga gyaran ƙofa da banɗaki. Mai yin wannan aiki galibi matarsa ce ko uwarsa ko 'yarsa, kuma sau da yawa sai ta bar aikinta ko karatunta. Gida ya rasa mai nema biyu a lokaci ɗaya, a daidai lokacin da kashe kuɗi ya ninka.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta mutum miliyan 1.19 suna mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, wasu miliyan 20 zuwa 50 suna jin rauni, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ta ce yawancin ƙasashe suna asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na abin da tattalin arzikinsu ke samarwa a shekara saboda shi. Ka lura da shekarun nan. Da yawansu masu ƙananan 'ya'ya ne, masu shekara talatin ko arba'in na aiki a gabansu.

To me zai hana a ce wanda ya ƙi kariya ya biya da kansa? An gwada, kuma ba ya tafiya, saboda dalilai na aiki. Mutumin da aka kwaso a sume ba a tsayawa binciken ko ya sa hula kafin a ceto shi. Likita ba alƙali ba ne, kuma mintunan farko su ne ke raba mai rayuwa da mai mutuwa. A Amurka ma, inda jinya take da tsada, dokar 1986 ta wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya, su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa su daidaita shi, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi. Bayan an yi aikin, kuɗin da majinyaci ya kasa biya ba ya ɓacewa. Yana komawa kan haraji, ko kan kuɗin inshorar sauran jama'a, ko kan dangi da suka sayar da abin da suka mallaka. Jihar Fulorida ta gwada hanyar tsakiya a 2000: ta bar wanda ya haura shekara 21 ya hau babur babu hula muddin yana da inshorar jinya ta dala 10,000. Mace-macen masu babur suka ƙaru fiye da yadda yawan baburan ya ƙaru, kuma jinyar yawancin waɗanda aka kwantar saboda rauni a ka ta wuce wannan dala 10,000 ɗin.

Amurka ce ta fi ba da darasi a nan domin ta sa dokar, ta cire, wasu jihohi suka mayar. Daga 1967 gwamnatin tarayya ta ɗaura wani kaso na kuɗin gina hanyoyi a kan jiha ta yi dokar hula, har zuwa 1975 jihohi 47 suna da dokar da ta shafi kowa. A 1976 majalisa ta janye wannan sharaɗi, jihohi da yawa suka soke ko suka taƙaita dokar ga matasa. Abin da aka riƙa gani iri ɗaya ne: inda doka ta shafi kowa, kusan kowa yana sa hula, inda aka soke sai masu sawa su ragu zuwa wajen rabi, raunin kai ya hau. Dokar da ta shafi matasa kaɗai ma ba ta kare matasan sosai, domin ɗan sanda ba ya iya gane shekarun mutum daga nesa. A 1972 wata kotun tarayya a Masacuset, a shari'ar Simon da Sargent, ta ƙi hujjar "kaina kaɗai" da cewa al'umma ce ke ɗauke mai rauni daga titi, ta kai shi asibiti, ta ba shi tallafi idan ya kasa aiki, ta ɗauki nauyin iyalinsa idan ya naƙasa.

Duk da haka, a ganina hujjar kuɗi ita kaɗai tana da haɗari, kuma masu goyon bayan doka suna yawan yin sakaci da wannan. Idan duk abin da ke jawo wa jama'a kuɗin jinya ya halatta a hana shi, to hawan dutse da dambe da hawan babur ɗin kansa duk sun shiga. Dole a sami ma'auni. Dokar kariya tana da hujja idan abubuwa huɗu suka haɗu: cutar babba ce kuma ba ta gyaruwa, kariyar an tabbatar tana aiki, nauyinta a kan mutum kaɗan ne, kuma ba ta hana shi yin abin da yake so ya yi. Bel daƙiƙa uku ne. Hula ba ta hana kowa hawa babur. Mill kansa ya yarda a tare mutumin da zai hau gadar da ta ruɓe idan bai san halin da take ciki ba. Masu ƙin hula da yawa ba su zauna sun auna naƙasar shekara arba'in sun zaɓe ta ba. Zafi ne ya dame su, ko gaggawa, ko ganin babu wanda ke sawa. Kuma ƙasashe suna sassautawa inda nauyin ya yi yawa a kan wasu: Birtaniya ta wajabta hula a 1973, sannan a 1976 ta keɓe mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani.

Akwai kuma wurin da doka take mayar wa mutum alhakinsa ba tare da an hana shi magani ba, wato wajen diyya. A shari'ar Froom da Butcher a Ingila a 1975, kotun ɗaukaka ƙara ta ce idan wani ne ya jawo haɗari amma wanda ya ji rauni bai ɗaura bel ba, a rage masa kashi 25 cikin ɗari na diyya idan bel zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 idan zai rage shi kawai. Kotunan Ingila suna bin wannan har yau. Wannan tsari ya yi daidai: mai laifin haɗari ya ɗauki kaso mafi girma, mai sakaci da kansa ya ɗauki nasa, kuma an yi lissafin ne bayan an ceci rai.

Za ka ji ana cewa kariya tana sa mutum ya ƙara ganganci, wanda ya ɗaura bel ya ƙara gudu. Masanin tattalin arziki Sam Peltzman ya kawo wannan a 1975. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, mutane sukan sauya hali idan sun ji suna cikin aminci, amma abin da aka gani bayan dokokin bel, tun daga jihar Biktoriya ta Ostireliya da ta fara a 1970 zuwa Birtaniya a 1983, shi ne raguwar mutuwa da munanan raunuka a cikin mota. Sauyin halin bai cinye ribar ba.

Doka a takarda ba ta ceton kowa. Abin da ke sauya hali shi ne mutum ya san za a kama shi, fiye da girman tarar. Tara mai tsanani da ba a cika aiwatarwa ba takan zama ƙofar cin hanci, matsakaiciya da ake aiwatarwa kullum ta fi ta aiki. A Amurka jihohin da ɗan sanda zai iya tsayar da mota don rashin bel kaɗai sun fi yawan masu ɗaurawa a kan jihohin da sai an tsayar da mutum don wani laifin daban. Biyetnam ta wajabta hula a duk hanyoyinta a Disamba 2007, kusan dare ɗaya masu sawa suka cika tituna, amma sai kasuwa ta cika da huluna marasa inganci da ake saye don guje wa tara. Dokar da ba ta zo da ƙa'idar inganci da binciken masu shigo da kaya ba tana samar da mutanen da suka bi doka kuma kansu a buɗe yake. Ya kamata kuma doka ta ambaci ɗaure igiya, ta haɗa da fasinja.

Kuskure ne kuma a tara alhakin duka a kan mai babur ko ma'aikaci. A fannin kariyar ma'aikata, kayan da mutum ke sawa a jiki su ne mataki na ƙarshe kuma mafi rauni. Ana fara da kawar da haɗarin gaba ɗaya, in bai yiwu ba a musanya shi da mai sauƙi, sai a sa shinge tsakaninsa da mutum, sai tsarin aiki da horo, sannan kayan kariya. Shingen ƙarfe a bakin bene yana kare kowa, har da wanda ya gaji da wanda ya manta. Igiyar kariya tana kare wanda ya tuna ya maƙala ta a wuri mai ƙarfi kawai. Suwidin ta ɗauki wannan tunani zuwa kan hanya a 1997: mutane za su yi kuskure, saboda haka mai tsara hanya da mai ƙera mota suna da alhakin ganin kuskuren bai zama ajali ba. Daga nan ake samun shataletale a maimakon mahaɗa mai kusurwa, shinge a tsakiyar babbar hanya, da gudun kilomita 30 inda mutane ke tsallakawa. Gudu shi ne jigon komai, domin ƙarfin bugu yana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Hukumar da ke cin tarar marasa hula alhali ta bar hanya babu fitila babu wurin tsallakawa ta ɗauki ɓangare mai sauƙi ta bar mai wuya, kuma jama'a suna da haƙƙin su tuhume ta a kan haka.

Wani ɓangare na alhakin kai yana zuwa ne bayan haɗari, kuma a nan ake asarar mutanen da da sun rayu. Wanda ya bugu a ka yana iya miƙewa ya yi magana lafiya lau na awa ɗaya ko fiye alhali jini yana taruwa tsakanin ƙoƙon kai da fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci yana rinjayarsa, ko ya rikice, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, a kai shi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa nan take, kada a ce ya kwanta ya huta. Mai shan maganin tsinka jini da tsoho a duba su ko da bugun ya yi kama da ƙarami. Wanda aka samu kwance a titi, kada a ɗaga shi ta hannu da ƙafa kansa yana lilo. A riƙe kai da wuya a miƙe daidai da gangar jiki, kada a ba shi ruwa, kuma kada a cire masa hula sai idan ba ya numfashi ko amai na neman shaƙe shi. Idan cirewar ta zama dole, mutum biyu za su yi: ɗaya ya tallafi wuya da haɓa daga ƙasa, ɗayan ya buɗa gefen hular ya zare ta a hankali.